Koya wa Ƙananan Yara Siffofi: Tambayoyin da Iyaye da Malamai Suka Fi Yi

Na shafe shekaru ina koyar da 'yan nazare da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, kuma akwai wasu tambayoyi da ake ta maimaita mini game da darasin siffofi, wani lokaci a taron iyaye da malamai, wani lokaci a bakin ƙofa idan an zo ɗaukar yara. Na tattara su a nan tare da amsoshin da nake bayarwa, da fatan uwa a tsakar gida da malami a gaban allo za su sami abin da za su gwada tun gobe.

Mene ne amfanin koya wa yaro siffofi alhali ko ƙirga bai gama iyawa ba?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa lissafi shi ne lambobi kawai, wato ƙirga da tarawa da ɗebewa. Lambobi ɓangare ɗaya ne. Ɗaya ɓangaren shi ne sanin siffa da girma da wuri: wane abu ne zai shiga cikin wane, ina ne tsakiya, me zai faru idan aka juya abu ko aka kifa shi. Wannan shi ne abin da manyan ɗalibai ke kira jiyometiri, kuma da shi tela yake yanka yadi, magini yake fitar da harsashi, kafinta yake haɗa rufi. Yaro yana fara wannan ilimi tun kafin ya buɗe baki, a ranar da ya yi ta ƙoƙarin rufe ƙaramar tukunya da babban murfi.

Ƙirgan ma yana ƙaruwa da siffofi. Yaron da yake bin gefen kwalin ashana da yatsa yana ƙirga kusurwoyinsa ya sami dalilin ƙirga, kuma dole ya lura da inda ya fara don kada ya ƙirga kusurwa ɗaya sau biyu. Daga baya, idan aka zo darasin rabi da kwata, wanda ya saba ninke takarda gida biyu da gida huɗu ya riga ya ga abin da idonsa.

Daga shekara nawa ya kamata a fara?

Daga lokacin da yaro ya fara ɗaukar abu yana sakawa cikin wani. Ɗan shekara biyu zai iya jera kwanuka daga babba zuwa ƙarami, ko ya nemo wa kowace roba murfinta. Ɗan shekara uku zai iya ware abubuwa kashi biyu, masu mirginawa da waɗanda ba sa mirginawa. Daga shekara huɗu zuwa biyar ne ake fara ƙirga gefe da kusurwa, a kuma riƙa kiran sunaye.

Inda nake roƙon iyaye su yi haƙuri shi ne wajen zane. Gane siffa da ido yana riga iya zana ta zuwa, da tazara mai yawa. Abin da likitocin yara suka saba gani shi ne, yaro yakan iya kwaikwayon zanen da'ira a wajen shekara uku, murabba'i (mai gefe huɗu daidai wa daida) tsakanin huɗu da biyar, alwatika (mai kusurwa uku) a wajen biyar, shi kuwa mai gefe huɗu da ke tsaye a kan tsininsa sai wajen shida ko bakwai, domin layin da ya karkata ya fi miƙaƙƙe wuyar ja. Saboda haka ɗan shekara uku da ya kasa zana alwatika ba daƙiƙi ba ne, hannunsa ne bai kai ba tukuna, kuma tsawa ba ta sa hannu ya nuna.

Ɗana ya haddace sunayen siffofi duka. Ashe ba shi ke nan ya iya ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, kuma zan amsa ta da kuskuren da ni kaina na tafka. A shekarata ta farko a aji, kullum ina zana siffofi huɗu a allo a jere, yara suna rera sunayensu da ƙarfi har ajin da ke maƙwabtaka da mu yana ji, ni kuwa ina jin daɗi. Wata rana kwalin murabba'in da na manna a bango ya saki ta gefe ɗaya, ya juya ya tsaya a kan tsininsa. Na nuna shi na tambayi wata yarinya da ke cikin waɗanda suka fi ƙoƙari, sai ta ƙura masa ido ta ce, "Malama, ban san wannan ba." Na miƙe shi yadda yake da, nan take ta ce murabba'i ne. Na sake karkata shi a gaban idonta, ta ce, "Yanzu ya daina, Malama." Ba ita kaɗai ba, kusan rabin ajin haka suka gani. Laifin nawa ne, domin ban taɓa nuna musu murabba'i ba sai a zaune daram a kan gindinsa.

Daga baya na karanta aikin wasu malaman lissafi biyu 'yan ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, waɗanda a 1957 suka gabatar da bincikensu a Jami'ar Utrecht. Sun bayyana cewa fahimtar siffofi hawa-hawa ce, har mataki biyar. A matakin farko yaro yana gane siffa ne da kamanninta gaba ɗaya, sai ya ce wannan murabba'i mai dari ne saboda ya yi kama da ƙofa. A mataki na biyu ne yake fara lura da halayenta, wato gefe nawa, kusurwa nawa, waɗanne ne suka yi daidai da juna. Abin da ya fi jan hankalina a cikin bayaninsu shi ne cewa hawa daga wannan mataki zuwa wancan ya fi dogara da irin koyarwar da yaro ya samu fiye da yawan shekarunsa.

Tun daga nan na sauya salo. Alwatikar da nake nunawa takan zama siririya doguwa, ko mai faɗi gajeriya, ko wadda tsininta ke kallon ƙasa. Ina kuma cakuɗa su da masu ruɗi: mai gefe uku da ɗayan ya lanƙwashe, ko wadda bakinta bai haɗe ba. Idan yaro ya ba ni amsa, ko daidai ce ko kuskure, tambayata ɗaya ce: "Ta yaya ka sani?" Wanda ya ce "saboda gefenta uku ne, kuma duk a miƙe suke" ya iya. Wanda ya ce "haka take a littafi" sunan kawai ya riƙe.

Da wane harshe za a kira sunayen, da Hausa ko da na makaranta?

A fara da harshen da yaro yake tunani da shi. Muna da da'ira, da murabba'i, da alwatika. Mai siffar ƙofa kuwa wasu na ce masa murabba'i mai dari, wasu kuma mustaɗili, kamar yadda yake a Larabci. Ga siffar da ba mu saba da sunanta ba, babu laifi a ce mai kusurwa biyar ko mai kusurwa shida, hasali ma wannan ya fi taimako, domin sunan da kansa yana gaya wa yaro abin da zai ƙirga. Sunan alwatika na Turanci da na Faransanci ma, idan aka bi asalinsa a Latin, ma'anarsa kusurwa uku ce. Idan yaro ya gane abin, sai a ɗora masa sunan da zai tarar a littafi, na Turanci a Najeriya da Gana, na Faransanci a Nijar, ya riƙe biyun tare.

Ba ni da halin sayen kayan wasa na zamani. Da me zan koyar?

Da abin da ke cikin madafi da tsakar gida. Gwangwanin madara ko na tumatir silinda ne. Dunƙulen sukari mai iyali kiyub ne, mai fuska shida daidai wa daida. Kwalin ashana da bulo da sandar sabulu 'yan gida ɗaya ne. Lemo da curin fura mulmulallu ne kamar ƙwallo. Mazurari da malfa da jinkar ɗaki duk siffarsu ɗaya, faɗi a ƙasa, tsini a sama. Faifai da murfin tukunya da bakin ƙwarya da'ira ne, haka ramukan tandar waina. Murhun duwatsu uku kuwa alwatika ce da yaro yake gani kullum, sai dai ba a taɓa ce masa ya haɗa duwatsun da layi a ransa ba.

Waɗanda suka kafa ilimin ƙananan yara a Turai ma ba da wani abin mamaki suka fara ba. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar yara sunan kindagatin a 1840, daga cikin kayan farko da yake miƙa wa yaro akwai ƙwallo da silinda da kiyub na katako. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, tana sa yara su bi gefen siffofin katako da yatsa kafin su zana su. Abin da suka nema shi ne hannu ya taɓa, kuma gwangwani yana biyan wannan buƙata. Abu ɗaya za a kiyaye: a duba bakin gwangwani kada ya kasance mai kaifi, kuma kada a bar wa ɗan ƙasa da shekara uku ƙananan abubuwa irin su tsakuwa da wake da murfin kwalba, saboda baki yake kai su.

Da waɗanne za a fara, masu jiki ko waɗanda ake zanawa a takarda?

Ni na fi son a fara da masu jiki, domin su yaro yake ɗauka tun yana rarrafe. Ga wani wasa da ban taɓa ganin ya gundure su ba. A jingina allo ko faranti a kan dutse ya yi gangare, a tara kaya a gefe, kafin a saki kowanne a tambayi yaro ko zai mirgina ko zai zame. Lemo zai mirgina, kwalin ashana zai zame. Gwangwani ne yake kawo gardama, domin idan aka kwantar da shi mirginawa yake yi, idan aka tsayar da shi kuma sai ya zame, daga nan yaro zai gane da kansa cewa yana da fuska iri biyu, lanƙwasasshiya da shimfiɗaɗɗiya. Mazurari kuwa idan aka tura shi a ƙasa ba ya tafiya gaba, kewaya tsininsa yake yi, kuma yara kan so a maimaita musu wannan sau da yawa.

Gadar da ke kai yaro daga masu jiki zuwa na takarda ita ce sawu. A jiƙa rairayi, a danna gindin gwangwani, sai ga da'ira. A danna kwalin ashana ta fuskoki uku, sai ga murabba'i mai dari iri uku, babba da matsakaici da ƙarami, duk daga abu ɗaya. Bayan haka a juya wasan: uwa ta danna sawun a ɓoye, yaro ya nemo abin da ya bar shi.

Wane wasa ne ya fi sa yaro ya lura da gefe da kusurwa?

Guda biyu nake yawan yi. Na farko shi ne jakar laluba. A yanka siffofi daga kwali mai kauri a zuba a jakar da ba a ganin cikinta, yaro ya zura hannu ya lalubo ɗaya, ya faɗi abin da yatsunsa suke ji kafin ya fito da ita. Da yake ido ba ya aiki, dole ya koma ga ƙirga tsini da bin gefe, wanda shi ne ainihin abin da ake so.

Na biyu shi ne gini da tsinke da yumɓu, kuma a nan nake daɗewa. A kakkarya tsinken tsintsiya daidai da juna, a mulmula yumɓu ƙanana kamar gyaɗa. Inda babu yumɓu, totuwar kara da yara ke haɗa mota da ita tana yi. Tsinke shi ne gefe, curin yumɓu shi ne kusurwa. Tsinke uku da curi uku suna ba da alwatika, huɗu da huɗu suna ba da murabba'i. Sai a ce wa yaro ya danna kusurwar kowanne da yatsa. Murabba'in zai karkace ya canza kama, alwatikar kuwa ba za ta motsa ba sai dai ta karye. Daga nan a ɗaga kai a nuna masa katakon rufin kwano, ko ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa, ko firam ɗin keke, ya ƙirga alwatika nawa ya gani. Idan aka gitta tsinke ɗaya da ya fi sauran tsawo daga kusurwa zuwa kusurwa a cikin murabba'in nan, sai ya tsaya cak, domin ya zama alwatika biyu, kuma wannan ita ce dabarar da kafinta yake yi wa ƙyauren da ya fara saki.

'Yan shekara shida zuwa bakwai za su iya hawa sama. Kiyub yana cin tsinke 12 da curi 8, kuma da ƙyar yake tsayuwa. Dala mai gindin alwatika tana cin tsinke 6 da curi 4 kacal, amma ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dala mai gindin murabba'i, irin dalar gyaɗar da aka san Kano da ita a da, tsinke 8 ce da curi 5. Ina sa yara su ƙiyasta abin da za su buƙata kafin su fara, sannan su ƙirga bayan sun gama, su ga ko sun cinka daidai.

Yaya ake koyar da da'ira, tunda ba ta da gefen da za a ƙirga?

Da turke da igiya. Duk yaron da ya taɓa ganin akuya a ɗaure ya ga da'ira, domin wurin da ta cinye ciyawarsa ko ta tattake a kewayen turkenta da'ira ce, kuma tsawon igiyar ne yake yanke girmanta. A kafa tsinke a ƙasa, a ɗaura zare, a ɗaura wani tsinken a ɗaya bakin, yaro ya ja zaren ya miƙe sosai ya kewaya yana zane. Haka masu ginin ɗaki zagayayye da rumbu suke fitar da harsashi. Idan ya saki zaren ya yi sako-sako, zanen zai lotsa, sai ya gane cewa sirrin da'ira shi ne ko'ina a bakinta nisansa ɗaya da tsakiya. Da wannan ne zai bambanta ta da siffar ƙwai, wadda yara da yawa suke haɗa su.

Ga 'yan aji uku akwai ƙari mai daɗi. A kewaya bakin faifai da zare a yanke, sannan a auna zaren da faɗin faifan. Zai ba da faɗi uku da ɗan saura. A gwada da murfin tukunya, da tayar keke, da bakin bokiti, kullum uku ne da ɗan saura. Ba na gaya musu cewa wannan adadi kusan 3.14 ne ko 22 bisa 7 a wannan mataki, na fi son su tafi gida da mamakin, su gwada da kayan ɗakin iyayensu mata.

Malamin 'yata ya ce kowane murabba'i, murabba'i mai dari ne. Ba ruɗa yara zai yi ba?

Malamin ya faɗi gaskiya ta fuskar lissafi, domin sharaɗin wannan dangi shi ne gefe huɗu miƙaƙƙu da kusurwa huɗu irin ta bulo, kuma murabba'i ya cika sharaɗin, sai dai ya ƙara da cewa gefensa duka daidai suke. Kamar a ce kowane rago dabba ne, amma ba kowace dabba ce rago ba. Ɗan shekara biyar ba lallai ya kama wannan ba, kuma ba sai an matsa masa ba. Abin da za a guje wa shi ne koya masa cewa dole sai an sami gefe biyu dogaye da biyu gajeru, domin wata rana sai an sha wahalar kankare masa wannan.

Me ake yi da takarda da almakashi?

Abu na farko shi ne ninki. A ba yaro siffar takarda ya nemi inda zai ninke ta ɓari biyun su hau kan juna ba tare da wani ya leƙo ba. Murabba'i yana da irin wannan layi huɗu, alwatika mai gefe daidai tana da uku, murabba'i mai dari yana da biyu kawai. Kusan kowane yaro, har da manya, yakan rantse cewa idan aka ninke murabba'i mai dari daga kusurwa zuwa kusurwa zai hau daidai, sai ya gwada ya ga kunnuwa biyu sun leƙo. Gani ya kori ji. Da'ira kuwa ta ko'ina aka ninke ta, muddin layin ya bi ta tsakiya, daidai take hawa.

Wannan daidaiton ɓari biyu ya cika rayuwarmu. Yana cikin dagin Arewa, da ɗinkin hula, da saƙar tabarma da faifai, da zanen ƙwarya, da adon bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya da Damagaram, da zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Na taɓa ba yara aikin su zo da wani abu daga gida mai irin wannan daidaito, wani yaro ya zo da murfin faifai da kakarsa ta saƙa, ya ce da ya tambaye ta yadda take sa zanen ya fito daidai, sai ta ce masa, "Ƙirgawa nake yi, ɗan nan, ja uku, fari uku." Darasin ranar a kan wannan faifan muka yi shi.

Abu na biyu shi ne tangiram, wasan haɗa siffofi da ya samo asali daga ƙasar Sin. Murabba'i ɗaya ake yankawa gida bakwai: alwatika biyar, wato manya biyu da matsakaiciya ɗaya da ƙanana biyu, sai ƙaramin murabba'i, sai wani mai gefe huɗu da ya karkata. Da kwalin taliya ko na sabulu ana iya yin sa. Yara kan haɗa jirgin ruwa ko kaza ko gida da shi, amma amfaninsa na gaske shi ne su gano cewa ƙananan alwatika biyun nan suna iya haɗuwa su ba da murabba'in, ko matsakaiciyar alwatikar, ko karkataccen nan. Siffa uku daban, amma filin da suka ci ɗaya ne. Almakashin ya zama mai dakushin baki, kuma kada a yarda yaro ya yi amfani da reza.

Ajina yara sun haura tamanin, babu kujeru isassu balle kayan aiki. Yaya zan yi?

A fita waje, domin filin makaranta allo ne da ba ya ƙarewa. A raba yara rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni igiya ɗaya da aka ƙulle bakinta biyu. Yara uku su riƙe su ja, ga alwatika, kuma kowane yaro kusurwa ne. Na huɗu ya shigo, ta zama mai gefe huɗu, sai su yi ta matsawa har sai sun yarda cewa murabba'i ne, kuma muhawarar da za su yi kafin su yarda ita ce darasin. Ana iya zana manyan siffofi a ƙasa irin na 'yar gala-gala, malami ya ce, "Kowa ya tsaya a cikin wadda ba ta da kusurwa," ko "A tsallaka zuwa mai gefe uku." Ramukan dara ma, layi biyar na rami shida-shida, suna nuna musu yadda talatin take zama a jere.

Idan da kafinta a kusa, a sa ya buga ƙusa 25 a kan guntun katako, biyar-biyar a layi biyar, tazararsu ɗaya. Wannan allon ƙusoshi Caleb Gattegno, masanin koyar da lissafi haifaffen Iskandariya ta Masar, shi ya yaɗa shi. Da robar ɗaurin kuɗi yaro zai ja siffa, ya sauya ta cikin ƙiftawar ido ba tare da ya ɓata takarda ba. A kan irin wannan allo ana iya fitar da murabba'i masu girma daban-daban har takwas, huɗu a zaune, huɗu a karkace, kuma neman karkatattun nan magani ne ga irin kuskuren da na ba da labarinsa a sama.

Wasannin siffofi na waya fa?

Ba na hana su, amma ba na ba su matsayin farko. A fuskar waya yaro ba ya jin kaifin kusurwa ko nauyin abu, kuma da yawa daga cikin waɗannan wasanni irin siffofin nan zaunannu suke ta maimaitawa. Idan za a ba shi, ya zama na ɗan lokaci, babba yana kusa yana tambayarsa dalilin abin da ya zaɓa.

Akwai bambanci tsakanin maza da mata a wannan fanni? Yaron da ba ya gani kuma fa?

Bambancin da na gani a ajina na sabo ne. Yaron da aka bari yana haɗa motar kara da ta gwangwani yakan zo da hannu a sake, yarinyar da aka hana irin wannan wasa takan ɗan ja baya a makon farko, amma da ta samu dama sai ta kamo, sau da yawa ma ta wuce. Ina roƙon iyaye su bar 'ya'ya mata su yi gini da yumɓu da tsinke kamar kowa, kuma su bar maza su zauna kusa da mai saƙa ko mai zanen lalle su kalli yadda ake fitar da tsari.

Yaron da ba ya gani ko mai raunin gani yana iya yin kusan duk abin da na lissafa, kuma a wasan jakar laluba shi yakan zama gwani. A manna masa zare mai kauri a kan kwali ya bi gefen siffa da yatsa, a kuma riƙa faɗa masa da baki abin da ake nuna wa sauran.

Bayan sunayen siffofi, akwai wasu kalmomi da ya kamata yaro ya saba da su?

Akwai kalmomin wuri, kuma ana yawan mantawa da su: sama da ƙasa, ciki da waje, gaba da baya, dama da hagu, tsakanin, gefen, daura da. A aike shi da cikakken kwatance, a ce, "Ɗauko mini ludayin da ke cikin ƙwaryar da ke ƙarƙashin gado, ta hannun dama." Mu Hausawa muna da wata gata a nan, domin mun saba kwatance da gabas da yamma da kudu da arewa, kuma yaron da ya san inda ake fuskanta idan za a yi salla ya riga ya riƙe gabas. Ɗan shekara shida zai iya zana taswirar gidansu a ƙasa, ya nuna zaure da madafi da rijiya, sannan a ɓoye masa wani abu a yi alama a taswirar ya je ya nemo. Sahun masallaci da kunyoyin gona kuma suna nuna masa layukan da ke tafiya tare ba sa haɗuwa.

Yaushe za a saya masa akwatin kayan lissafi mai kamfas da ma'aunin kusurwa?

Ba kafin manyan azuzuwan firamare ba. Tsinin kamfas haɗari ne a hannun ƙaramin yaro, lambobin ma'aunin kusurwa kuma ba su da ma'ana a wurinsa tukuna. Rula kaɗai ta isa daga aji biyu. Don gwada kusurwa irin ta bulo, a ninke kowace irin takarda gida biyu, a sake ninke ta a kan layin ninkin, kusurwar da ta fito digiri 90 ce cif, kuma da ita yaro zai zagaya gida yana gwada ƙofa da taga da tabarma, yana ware waɗanda suka fi ta buɗewa da waɗanda suka fi ta tsukewa.

Idan ya kai aji uku, a nuna masa dabarar magina. A sami igiya a yi mata alama a raba ta gida 12 daidai, a haɗa bakinta biyu. Yara uku su riƙe ta yadda gefe ɗaya zai ci gida 3, na biyu gida 4, na uku gida 5, su ja ta miƙe. Kusurwar da ke tsakanin gefen 3 da gefen 4 za ta fito daidai da ta takardar nan da aka ninke, sai yaro ya ɗora takardarsa a kai ya tabbatar. In ana gini a unguwa, a nemi izinin magini a kai yaran ranar da za a ja igiyar harsashi, su tafi da igiyarsu su gwada kusurwar ɗakin da ya fitar.